Tsakanin Tayi da Sallamawa: Yadda Ake Gane Kuɗin Tsohuwar Akori-Kura

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore mana abin hawa a tudu da ruwa, ya sanya saye da sayarwa cikin hanyoyin neman halali. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka shaide shi da amana a fatauci tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, duk wanda ya tashi a Zangon Kwatano ya tashi ne cikin hirar mota. Shekaru da dama ke nan jiragen ruwa suna sauke tsofaffin motoci a tasharmu daga Anbas ta ƙasar Beljiyam da sauran tashoshin Turai da Amurka, a kwashe su zuwa filayen Sekanji da Ekpe da ke kan hanyar Porto-Novo, daga nan su bazu cikin ƙasashen maƙwabta. Sunan garinmu ma ya zama sunan haja, domin a arewacin Nijeriya in aka ce mota 'yar Kwatano ce, kowa ya san ana nufin tsohuwar da aka kawo daga ƙetare, wadda ba ta taɓa shan wahalar hanyoyinmu ba. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a rahotonta na 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi tsoka.

Duk da wannan kusanci da kasuwa, ba mu tsira daga rikicin ciniki ba. Mahaifina limami ne, zaurensa kuwa nan mutanen unguwa suke kawo abin da ya gagare su. In ka ɗebe rigimar aure da ta gado, ban ga abin da ya fi cinikin mota shigo da mutane suna huci ba, kuma mafi zafin waɗannan rigingimu a kan akori-kura ne, wadda mutanenmu na nan suke kira bashe. Dalili a fili yake. Motar gida ado ce da sauƙin zirga-zirga, in ta lalace sai a jingine ta a hau zemijan. Akori-kura kuwa gona ce. Wanda ya saye ta ya zuba tarin shekaru a cikinta, wani lokaci har da sarƙar matarsa da kuɗin adashen mahaifiyarsa, yana fatan ta ɗauko masara daga Bohikon, doya daga Gilazuwe, siminti zuwa gine-ginen Kalabi, ta ciyar da gida. Iyayenmu sun yi wannan aiki da Peugeot 404 da 504, musamman bayan da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Daga baya Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968, ta karɓe filin tare da takwarorinta na Nissan da Mitsubishi.

Abin da nake so in faɗa guda ɗaya ne: kuɗin adalci shi ne kuɗin da zai tsaya da ƙafarsa ko da mai saye ya san duk abin da mai sayarwa ya sani, mai sayarwa kuma ya san duk abin da mai saye ya sani. Cinikin da ba ya yiwuwa sai ɗaya yana cikin duhu, to akwai ƙura a cikinsa, ko da an tafa hannu an yi fatiha. Malaman fiƙihu sun raba tsakanin tamani, wato abin da mutum biyu suka shirya a kai, da ƙima, wato abin da masana kasuwa za su ce kaya ya kai. Aikin mai saye shi ne ya gano ƙimar tun kafin ya buɗe baki ya yi tayi. Hanyoyin gano ta uku ne: kasuwa, da jikin motar, da takardunta.

Abin da kasuwa take faɗa

Kuɗin da aka yi wa mota suna da shi ba kuɗinta ba ne, ƙofar shiga magana ce kawai. Abin nema shi ne nawa aka sallama irinta a cikin 'yan watannin nan. Sai mutum ya nemi aƙalla mutum uku da suka sayi mota mai irin shekarunta da injinta da yanayin takardunta, ya tambaye su abin da suka ƙirga da hannunsu, ba abin da aka fara faɗa musu ba. Masu gareji da direbobin tasha sun fi dillalai amfani a nan, domin ba su da rabo a cinikin. Matambayi ba ya ɓata.

Sannan a sani farashin mota yana tafiya da abubuwan da suka fi ƙarfin mai ita. Dattawanmu ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi ya ninka cikin dare ɗaya. Tun 1999 sefa tana ɗaure da kuɗin yuro, kowane yuro ɗaya sefa 655 da 'yan kai, saboda haka canji ba ya girgiza motar Turai sosai. Motar Amurka kuwa tana hawa da sauka tare da dalar Amurka, wadda a farkon 2021 ba ta kai sefa 550 ba, amma a watan Satumba na 2022 ta haura 650. Haka kuma lokacin da naira ta faɗi a 2016, sannan gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu 2017, filayen Sekanji sun yi tsit, masu motoci suka riƙa sallamawa da hasara. Da aka cire tallafin fetur a Nijeriya ranar 29 ga Mayu 2023, man bakin titi da muke kira kpayo ya yi tsalle, lissafin mai motar fetur ya sauya gaba ɗaya. Don haka maganar "wane ya sayi irinta miliyan kaza shekara uku da suka wuce" ba hujja ba ce ga mai saye, kamar yadda "ni miliyan kaza na saye ta" ba hujja ba ce ga mai sayarwa. An ruwaito cewa kaya sun taɓa yin tsada a Madina, aka roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke farashi, bai yanke ba. Kasuwar yau ita ce ma'auni, muddin ba a yi mata maguɗi ba.

Abin da jikin mota yake faɗa

Sabon fenti kyan ɗan maciji ne. Wanda zai sayi akori-kura ya fara da kwanciya a ƙarƙashinta, domin ranta yana cikin shasi, ƙarfen da ya ɗauki inji da bodi da kaya. A ƙasashen sanyi ana watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuwa yana cin ƙarfe daga ciki. Lamarin ya taɓa kai kamfanin Toyota ga amincewa, a 2016, da sulhun da ya kai kimanin dalar Amurka biliyan 3 da miliyan 400 a Amurka, saboda tsatsar shasin wasu motocinsa irin su Tacoma da Tundra. Mu ma a nan iskar teku ba ta raga wa ƙarfe. A ƙwanƙwasa shasin da guduma ƙarama, a duba ko an yi masa walda, a lura da wurin da aka shafe da baƙin fenti mai kauri shi kaɗai. Inji in ya mutu ana sake wani, amma shasin da ya karye aka ɗinke ba ya komawa yadda yake, kuma ranar da zai sake buɗewa da lodi a kai ne.

Akori-kura irin Hilux an yi ta ne don ɗaukar kimanin tan ɗaya, wato buhun siminti 20. Kowa ya san abin da ake ɗora mata a hanyoyinmu. Shaidar wannan tana nan a sifirin na baya: in ya miƙe ya daina lanƙwasa, ko an ƙara masa ganye, ko bayan motar ya zauna ƙasa alhali babu kaya, to ta sha lodi. A zo duba mota da sassafe kafin a tayar da ita, domin injin da aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa. Hayaƙi shuɗi yana nuna inji yana shan baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi yana nuna ruwa yana shiga inda bai kamata ba. Baƙin hayaƙi a motar gazuwal yakan nuna matsalar famfo ko bututun feshin mai. A buɗe murfin baƙin mai, in an ga wani abu kamar kindirmo ya manne a ciki, a yi zargin ruwa ya gauraya da mai. A bi jikin motar da mayen ƙarfe, duk inda ya ƙi kamawa akwai cikon da aka rufe rauni da shi.

Lambar kilomita da ke gaban direba ita ce ta fi kowa ƙarya a jikin tsohuwar mota, domin mayar da ita baya aikin ɗan lokaci ne. A bar ta, a dubi robar birki da kuloci, da sitiyari, da gefen kujerar direba. Motar da aka ce ta yi kilomita 90,000 amma robar birkinta ta cinye har ƙarfe, ta riga ta ba da amsa. Taya ma tana da ranar haihuwa: lambobi huɗu na ƙarshe a rubutun gefenta suna nuna mako da shekara, misali 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Sannan akwai motocin ambaliya. Guguwar Harvey ta 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston na Amurka, irin waɗannan kuwa akan sayar da su da araha a wanke a tura ƙetare. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a sunsuna, a duba tsatsa a ƙusoshin kujeru da laka a bayan fitilu. Wutar irin wannan mota ba ta ƙarewa da gyara.

Duk wannan ba aikin mutum shi kaɗai ba ne. A zo da bakanike wanda mai saye ne ya ɗauko shi, shi zai biya shi, kuma a biya shi ko an yi ciniki ko ba a yi ba, domin kada ya zama cikinsa yana tare da sallamawa. Ya rubuta kowane gyara da kuɗinsa. Wannan jimla ita za a cire daga kuɗin kasuwa, da hujja a hannu.

Abin da takardu suke faɗa

Mota biyu iri ɗaya suna iya bambanta da kuɗi mai yawa saboda takarda kawai. Wadda take fili da niyyar wucewa wata ƙasa ba a biya mata cikakken kuɗin duwan na Benin ba, wanda zai hau ta a nan sai ya biya, sannan ya yi mata lamba. Saboda haka tambayar farko ita ce: wannan kuɗi da duwan ne ko babu? A tambayi ma'aikacin fiton kaya amintacce ya yi lissafin tun kafin tayi. In kuwa motar gida ce mai lamba, a ga kartigiris, a tabbatar sunan da ke ciki shi ne na mai sayarwa ko akwai wakilci a rubuce. A ga inshora, da takardar binciken lafiyar mota, da shaidar harajin shekara, domin bashin da ke kansu sabon mai ita zai tarar.

Galibin motocin zamani suna da lambar shasi mai harufa da lambobi 17, tsarin da aka daidaita tun 1981, kuma babu harafin I ko O ko Q a cikinta. A gwada wadda ke jikin ƙarfe da wadda ke takarda ɗaya bayan ɗaya, a shafa wurin a ji ko an goge an sake bugawa. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka da Kanada, na goma a jerin yana nuna shekarar motar: 8 na nufin 2008, A na nufin 2010. Da wannan kaɗai an sha kama waɗanda suka rage wa mota shekaru. 'Yan sandan duniya na Interpol kuma suna da rijistar motocin sata. Motar sata ba ta da kuɗin adalci ko kaɗan, domin wanda ya sayar ba shi da ita, wanda ya saya kuwa bai mallaka ba.

Abin da shari'a take faɗa

Waɗanda suka karanta babin ciniki a Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani sun san malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan fage ba. Ɓoye aibi haramun ne, kuma wajibi ne mai kaya ya faɗi duk abin da ya san mai saye zai ƙi in ya ji. Wanda ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Asalin wannan sananne ne: Manzon Allah ya taɓa cusa hannunsa cikin tulin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi a kan me ya sa bai bar jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Ya kuma hana a ɗaure hantsar dabba kwana da kwanaki don mai saye ya zaci mai nono ce. Mai zuba mai mai kauri a inji don ya rufe ƙara, da mai mayar da kilomita baya, sun ɗaure hantsa ne irin ta wannan zamani.

An hana najashu, wato mutum ya yi tayi ba da niyyar saye ba sai don ya ingiza wani. Duk wanda ya je fili ya san wannan wasa: kana cikin magana sai ga wani ya ɓullo da jaka a hammata yana cewa shi ma ita ya zo ɗauka. An hana shiga cinikin ɗan'uwa bayan sun karkata ga juna sun kusa sallamawa. La'adar dillali halal ce in an san ta an yarda da ita, amma ya ɗora wani abu a ɓoye a kan kuɗin mai kaya, ko ya ci daga ɓangare biyu kowa yana zaton nasa ne, wannan cin amana ne. Kafin alƙalami da sharaɗin in an fasa ya zama na mai kaya, Malikiyya ba su yarda da shi ba, ko da yake Hambaliyya sun halatta. An kuma halatta ciniki da zaɓi na ɗan lokaci don a gwada kaya, har malamai suka ƙaddara wa dabba kamar kwana uku. A fili ba za a ba ka wannan dama ba, amma tsakanin maƙwabta babu abin da ya hana a nema.

Akwai wata mas'ala da mutane ba su cika so a tuna musu ba. A mashahurin zance na mazhaba, wanda ya yi ciniki da idonsa buɗe ya saya da tsada ko ya sayar da araha, ba a warware masa cinikin don wannan kawai. Amma wanda ya ce, "Ban san kuɗinta ba, na dogara da kai," aka cuce shi, wannan yana da haƙƙi. Kuma hukuncin bai keɓanta ga mai saye ba, mai sayarwa ma ana cutarsa.

Wannan na gani da idona a 2022. Wani ɗan kawuna, wanda ya shekara bakwai yana tuƙa motar wani yana tari, ya haɗa sefa miliyan 6, ya roƙe ni in riƙa raka shi. Muka yi makonni muna yawo, abin da ya yi mana kyau ya fi ƙarfinmu, abin da ya zo daidai aljihu kuwa bakanike ya girgiza kai. Ana nan sai wani dillali ya kai mu ga wata Hilux ta 2008 mai gazuwal, tana ajiye a ƙarƙashin rumfa wata biyar. Mai ita ya rasu ya bar mata da yara huɗu, ƙanensa ne yake kula da dukiyar, shi kuwa mai sayar da yadi ne, bai san komai a mota ba. Dillalin ya ja mu gefe ya ce mutanen nan a matse suke, kuma ya riga ya shaida musu mota ta tsufa, in muka taya miliyan 4 da rabi za su sallama, sai dai mu san abin da za mu yi masa.

Ɗan kawuna bai yi barci ba a daren nan. Da asuba ya ce mini, "Yaya, ni fa ban yi ƙarya ba, ban ɓoye komai ba. Tayi zan yi, in sun ga dama su ce albarka." Na ce masa mu je wurin Malam. Mahaifina ya saurare shi har ya gama, sannan ya tambaye shi, "Ɗana, kai nawa ka san motar nan ta kai?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, ta fi haka." Malam ya ce, "To, su sun sani?" Ya yi shiru. Sai ya tuna masa gargaɗin da ke farkon Suratun Nisa'i a kan dukiyar maraya, ya kuma ba shi labarin sahabi Jarir ɗan Abdullahi, wanda aka yi masa cinikin doki a kan dirhami 300, da ya ga dokin sai ya ce wa mai shi ya fi haka, ya yi ta ƙara masa har ya kai 800. Da aka tambaye shi dalili, ya ce ya yi wa Manzon Allah mubaya'a a kan yi wa kowane Musulmi nasiha.

Malam bai yanke kuɗi da bakinsa ba, domin ya ce shi ba masanin mota ba ne. Ya aika aka kira ƙanen mamacin, ya ce masa, "Alhaji, amana ce a wuyanku, ku nemo bakanikenku, su ma su zo da nasu." Aka nemo mutum uku da suka sayi irin motar a shekarar: ɗaya miliyan 6 da dubu 200, ɗaya miliyan 6 da dubu 400, ɗaya miliyan 6 da dubu 600. Aka ɗauki na tsakiya. Makanikan biyu suka haɗu a kan gyara: taya huɗu dubu 320, kuloci dubu 150, sifirin na baya dubu 130, waldar akwatin baya da sabunta takardun da suka mutu dubu 200, jimla dubu 800. Da aka cire, ya rage miliyan 5 da dubu 600. A kan haka aka sallama. Da yake gyara yana jiran sa, ɗan kawuna ya biya miliyan 5 a take, sauran dubu 600 aka ba shi wata shida ba tare da ƙari ba, aka rubuta da shaidu biyu kamar yadda ayar bashi ta Suratul Baƙara ta karantar. Dillali ya karɓi la'adarsa a gaban kowa, yana ɓata rai.

Ba zan ce ɗan kawuna ya fita yana murna ba. Miliyan ɗaya da dubu ɗari ne ya bari a kan tabarma, kuɗin da ya yi niyyar kama shago da shi, kuma ya yi makonni yana ambatonsa. A wata na takwas famfon mai ya lalace, makanikai suka kasa tantance ko tsohon ciwo ne ko sabo, ya gyara da aljihunsa bai koma wa marayu ba. Amma da aka zo rabon gado, uwar yaran ta karɓi tumuninta daga kuɗin gaskiya, kowane yaro aka ajiye masa rabonsa, kuma motar tana wucewa ta ƙofar gidansu kullum ba tare da direbanta ya kau da kai ba. A unguwa irin tamu, inda wanda ka yi ciniki da shi yau shi ne za ku haɗa sahu gobe, wannan ma wani kuɗi ne.

Don haka, ya ɗan'uwa mai niyyar saye, kada ka kai dukan jarinka ga kuɗin mota, ka bar na gyara da takardu da man wata ɗaya. Kada gaggawar dillali ta zama taka, mota ba ta ƙarewa a Kwatano, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka yi tayi da hujja, ka ce taya kaza, kuloci kaza, maimakon ka kushe kayan mutum da abin da ka san babu shi, domin rage wa mutane ƙimar kayansu shi ne laifin da Annabi Shu'aibu ya yi wa mutanen Madyana wa'azi a kansa. In araha ta yi yawa ka tsaya ka tambayi dalili, banza ba ta kai zomo kasuwa: ko motar tana da ciwo, ko takardunta suna da ciwo, ko mai ita yana cikin duhu. Biyun farko za su cuce ka a duniya, na ukun kuwa zai jira ka a gaba.

Kai kuma mai sayarwa, ka faɗi aibin da ka sani tun kafin a tambaye ka, abin da zai ragu a kuɗin bai kai albarkar da za ta tafi ba. Iyayenmu mata da masu riƙon marayu, kada ku saki motar mamaci a kan bakin mutum ɗaya, ku ji daga uku, ku sa a rubuta. Dillalanmu kuwa, sana'arku tsohuwa ce mai daraja a Zango, da ita kakanninmu fataken goro da dabbobi suka sami masauki da aminci a bakin teku. Jarinku amana ne, in ya ƙare babu bankin da zai ranta muku wani.

Allah ya sanya albarka a cikin nemanmu, ya tsare mu daga cin haƙƙin wani da saninmu ko da rashin saninmu, ya kiyaye direbobinmu a kan hanya, ya jiƙan magabatanmu. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.